Agogon Ɗalibi Yana Tafiya, Na Jami'a Ya Tsaya

Duk wanda ya taɓa sayen fom na digiri na biyu ko na uku a jami'o'inmu ya san ɗan littafin ƙa'idojin nan da ake miƙa wa sabon ɗalibi, ko a ce masa ya sauke a waya. Mu ɗauko shi mu yi ƙidaya. Sau nawa aka ɗora wajibi a kan ɗalibi? Dole ya sabunta rajista kowace shekara. Dole ya gabatar da tsarin bincikensa kafin wata kaza. Dole ya yi semina biyu ko uku, ya buga maƙala a mujalla, ya kawo shaidar cewa bai kwashi rubutun kowa ba, ya ɗaure kundi kwafi kaza da bango mai launi kaza. Kowane sharaɗi da wa'adinsa, kowane wa'adi da hukuncinsa: tara, ko maimaita shekara, ko kora.

To, mu juya shafi mu nemi inda aka ɗora wajibi a kan jami'a. Mu nemi layin da ya faɗi kwana nawa malami zai riƙe babin da ɗalibi ya ba shi kafin ya dawo da shi da gyara. Mu nemi wanda ya faɗi mako nawa za a ɗauka tsakanin miƙa kundi da zuwan mai jarrabawa daga waje. Mu nemi wanda ya ce ga teburin da ɗalibin bincike zai zauna, ga wutar da zai jona kwamfutarsa, ga wanda zai kai wa kuka idan abu ya cije. In an dace an samu, za a same shi da lafazi mai taushi, irin na ana sa rai ko ya kamata, babu rana, babu hukunci.

Nan ne rigimarmu take. Ba mu ce a sassauta wa kowa ba. Digiri na uku da aka samu a ɓagas ba ya amfanar mai shi, balle ɗaliban da zai koyar gobe. Abin da muke cewa shi ne yarjejeniyar da ɓangare ɗaya kaɗai ke da wa'adi a cikinta ba yarjejeniya ba ce, biyayya ce.

Mu da muka karanta ilimin kwamfuta muka shiga sana'ar rubuta manhaja, akwai wata al'ada da muka tarar a wurin aiki wadda ta sa wannan giɓin yake tsone mana ido. A wurinmu kowane aiki yana da tikiti. Tikitin yana nuna wanda ya buɗe shi, da wanda yake hannunsa yanzu, da tun yaushe yake hannun nasa. Idan ƙaramin ma'aikaci ya rubuta wani sashe na manhaja ya tura wa babba ya duba, allo yana nuna wa kowa cewa yau kwana huɗu ke nan abin yana jira, kuma ga sunan wanda ake jira. Ba don masu rubuta manhaja sun fi malaman jami'a tsoron Allah ba ne, a'a, a cikinmu ma akwai ragwaye da masu ɗagawa. Rubutaccen tarihin aiki ne kawai ke kashe gardama tun kafin ta tashi. Manhajar Git da ake wannan da ita Linus Torvalds ya rubuta ta tun 2005, kyauta ce, kuma sassan kwamfuta na jami'o'in nan namu suna koyar da ita. Amma ɗalibin da ya kai babi na uku ofishin malaminsa, shaidarsa ita ce ƙwaƙwalwarsa da ta masinjan sashe. Bayan wata biyar idan aka ce ba a ga babin ba, sai ya koma shagon buga takardu ya sake biya.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wa ke biyan kuɗin jinkiri? A tsarinmu, ɗalibi ne, shi kaɗai. Karatun da takarda ta ce shekara biyu ne, idan ya kai huɗu, ɗalibi zai biya rajista sau huɗu. Jami'a ba ta yi asarar ko sisi ba, hasali ma ta ƙaru. Ba mu ce akwai wani shugaban sashe da ke zama ya ƙulla a riƙe ɗalibai don kuɗin rajista ba. Ba a ma buƙatar mugun nufi. Tsarin da ba ya jin zafin jinkiri ba zai taɓa gaggawar gyara shi ba, kamar yadda mai gidan haya da rufin ke yoyo a ɗakin ɗan haya ba ya tashi cikin dare neman kafinta.

A Afirka ta Kudu an juya lissafin. Wani ɓangare na tallafin da gwamnati ke ba jami'a ana auna shi da yawan waɗanda suka kammala digiri na biyu da na uku ta hanyar bincike. Ɗalibin da ya maƙale kuɗi ne da jami'a ba ta karɓa ba, saboda haka akwai wanda hankalinsa ke tashi ban da ɗalibin da iyalinsa. Jami'ar Cape Town kuwa tana sa ɗalibi da mai duba aikinsa su sa hannu a takardar yarjejeniya, a sabunta ta kowace shekara: sau nawa za su haɗu, yaushe za a dawo da gyara, me ake son a cim ma bana. Wannan tsarin ma yana da nasa aibin, don yana iya sa a tura ɗanyen aiki ya wuce saboda kuɗi. Amma aƙalla an yarda da ƙa'idar nan da kakanninmu suka riga kowa faɗa, cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ƙara da yajin aiki. A 2020 jami'o'in gwamnati sun rufu kusan wata tara, a 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗan ajin digirin farko ya koma gida ya jira. Ɗalibin bincike fa? Wanda ya shuka gwajinsa a gona damina ba ta jira shi ba. Wanda ke kiwon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje bai dawo ya tarar da su da rai ba. Ma'aikacin da ya karɓi hutun ƙaro karatu na shekara biyu, hutunsa ya ci gaba da ƙonewa yana zaune. Wannan asara ce da babu wanda ya rubuta ta a littafin kowa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ɗaliban da ke yin rajista su ɓace shekara guda, su dawo saura wata biyu wa'adi ya cika suna neman a yi musu alfarma. Akwai masu sayen kundi dungurungum a bakin ƙofar makaranta. Kuma malamin da muke jira ya karanta babi, mu tambayi kanmu halin da yake ciki. Yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, yana makin jarrabawarsu da hannu, yana cikin kwamitoci, albashinsa kuma hauhawar farashi ta cinye shi. Yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnatin tarayya da ASUU ta tanadi alawus na duba ɗaliban gaba da digirin farko, kuma rashin biyan irin waɗannan alawus ɗin yana cikin abin da aka yi ta yajin aiki a kai. Mutumin da aka jibga wa ɗalibai goma sha biyar ko ashirin, ko waliyyi ne ba zai karanta musu da idon basira ba. Sai dai wannan hujjar tana komawa ne kan wanda ya ɗauki ɗaliban. Sashen da ke da malamai huɗu da suka cancanci duba digiri na uku ya san adadin da zai iya ɗauka. Idan ya ninka shi don neman kuɗin shiga, ya sayar da abin da ba ya da shi ke nan. Kuma rubuta ranar miƙa babi da ranar dawo da shi kariya ce ga malamin kirki kafin kowa, domin ita ce za ta nuna cewa shi ya yi nasa cikin mako biyu, ɗalibin ne ya kwanta.

Yanzu mu zo kan sharaɗin da ya fi ba mu haushi, wato na buga maƙala kafin a ba mutum damar kare kundinsa. A kan takarda dabara ce mai kyau: masana na waje su tantance aikin. A aikace, mujallar kirki tana iya ɗaukar wata shida ko shekara tana nazari, ƙarshe ta ce a'a. Masu buɗe maƙala kyauta ga mai karatu kuma da yawansu marubuci suke caza, da dala. Naira ta tashi daga wajen 460 kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗalibin da wa'adi ke bin sa, ba wanda ya koya masa yadda ake zaɓar mujalla, ba asusun da zai biya masa, ina zai nufa? Zai nufi waccan mujallar da ke aiko saƙon imel tana alkawarin bugawa cikin kwana bakwai.

Duniya ta daɗe da sanin waɗannan mujallun. Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver a Amurka, ya yi shekaru yana tara sunayensu kafin ya sauke jerin a 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya haɗa maƙalar bogi cike da kurakuran da ɗan sakandare mai lura zai tsinta, ya tura ta mujallu 304, guda 157 suka karɓa, ya ba da labarin a mujallar Science. Wato sharaɗin da aka kafa don tace ilimi ya zama bututun da ke kwashe kuɗin ɗalibanmu zuwa aljihun 'yan damfara, sunan jami'a na manne a saman kowace maƙala. Jami'ar da ke son wannan sharaɗin ta fitar da jerin mujallun da ta amince da su, ta koyar da rubutun maƙala a matsayin darasi na gaske, ta ware abin biyan kuɗin bugawa, ko kuma ta karɓi shaidar cewa an tura maƙala ana kan nazarinta. In ba za ta yi ko ɗaya ba, ta janye sharaɗin, ya fi mutunci.

Haka batun manhajar gano satar rubutu. Mu da muke gina irin waɗannan kayan mun san abin da suke yi: kwatanta jerin kalmomi da abin da ke rumbunsu, su fitar da kaso. Ba sa gane sata, kamance suke ganewa. Amma sai aka mayar da kason nan alƙali, a ce kada ya wuce kaza cikin ɗari. Sakamakon shi ne ɗalibai sun ƙware a jujjuya jimla har ta daina ma'ana, an kuma samu masu sana'ar rage kaso a shagunan kwamfuta. Wanda ya kawo nassin doka ko ayar da dole a kawo ta yadda take, kasonsa ya hau. Wanda ya fassara littafin wani daga Larabci ko Turanci ya ce nasa ne, ya wuce sumul.

Ga masu karanta wannan mujallar, abin ya fi kusa da gida. Kundin da aka rubuta da Hausa a sashen harsunan Najeriya, da me manhajar za ta kwatanta shi? Mafi yawan kundayen da aka yi a kan waƙa da ƙagaggen labari da karin magana suna kan kanta a ofisoshin sassa, wasu gara ta fara ɗanɗana su. Ɗalibi a Sakkwato ba shi da hanya mai sauƙi ta sanin cewa an riga an yi aikin da yake shirin yi a Maiduguri shekara goma da suka wuce. Waɗanda aka buga a kwamfuta ma akwai wata matsala. Kafin wayoyi da kwamfutoci su sauƙaƙa rubuta ɓ da ɗ da ƙ, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan Rabi'at da Abdalla, suka yi wa rubutun Hausa hidima mai yawa a lokacinsu. Dabararsu ita ce aron gurbin wasu alamomi, shi ya sa idan aka buɗe tsohon fayil a na'urar da ba ta da su sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Irin wannan rubutun injin nema ba ya gane shi. Mayar da shi haruffan zamani aikin 'yan layuka ne na manhaja, ɗalibin aji uku a sashen kwamfuta zai gama shi da yamma ɗaya. Rumbun ajiyar ma ba sai an saya ba: DSpace kyauta ce tun 2002, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata rumbun mai suna Kubanni. Abin da ya rage shi ne a mayar da ajiyar kundi a intanet wajibin jami'a, a daina sa ɗalibi ɗaure kwafi biyar ko shida na abin da ba wanda zai buɗe.

Sai kayan aiki. Ba mu tsammanin a yi mana irin na Birtaniya, inda hukumar kuɗin bincike ta UKRI ta sa mafi ƙarancin alawus ɗin ɗalibin digiri na uku da take ɗaukar nauyinsa fam 19,237 a shekarar karatu ta 2024/25. Maganarmu ta fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ɗaki ɗaya a kowace tsangaya mai sola da intanet, da zai kai dare a buɗe. Firij da ba ya mutuwa a ɗakin gwaje-gwaje. Mun san tun da aka ƙara kuɗin wuta na rukunin A a Afrilun 2024 jami'o'i da dama sun fito suna kuka da abin da ake cazarsu, amma ai ba duk harabar muke cewa a haska ba. Ɗalibin sinadarai yana sayen kayan gwaji da aljihunsa, ya ɗauki samfuri a mota zuwa wata jihar neman na'ura mai aiki. Ɗalibin tarihi yana biyan mota da masauki zuwa Arewa House da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda bincikensa ya kai shi ƙauyukan Zamfara ko kudancin Katsina ko gefen Tafkin Chadi kuwa da ransa yake caca, kuma sau da yawa takardar gabatarwa kawai ake ba shi da addu'a. Ba a zauna da shi an auna haɗarin ba, ba a tambaye shi ko za a iya sauya wurin ba.

Kuɗin fa? Akwai TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa a gurbin tsohon asusun ilimi, da harajin ribar kamfanoni da ya fara daga kashi 2 cikin ɗari ya kai kashi 3 a 2023. Ta gina ɗakunan lacca da yawa, ta kuma ɗauki nauyin karatun dubban mutane. Amma tallafinta na ƙaro karatu na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Malamar sakandare da ke digiri na biyu da albashinta, da matashin da bai samu aiki ba ya ce bari ya ƙara ilimi, ba su cikin lissafin. PTDF tana taimakawa, sai dai a fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas. Sannan daga farkon 2025 TETFund ta dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙasashen waje, ta ce a yi a gida. Madalla. Amma gidan da za a turo su shi ne wannan da muke bayani a kai. Idan nan ne za a ƙera malaman gobe, to wani yanki na kuɗin da ake kai wa waje ya kamata ya zama ƙaramin tallafin bincike da kowane ɗalibi zai iya nema ta gasa, ko ma'aikacin jami'a ne ko ba shi ba ne.

Akwai sharaɗin da muke so a ƙara tsanantawa ma, wato izinin kwamitin ɗa'a kafin a taɓa ɗan Adam da sunan bincike. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu lacca a kan wannan, gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya ishe su. Amma shi ma a haɗa shi da koyarwa. Muna ganin ɗalibai suna yawo da sunaye da lambobin waya da bayanan rashin lafiyar mutane a filas ɗin da ake sokawa a kowace kwamfutar shago, alhali ƙasar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Zaman awa biyu zai koya musu ɓoye suna da kulle fayil da ajiye kwafi a wuri na biyu.

Abin da ba a so a faɗa a fili shi ne ikon da mutum ɗaya ke da shi a kan rayuwar wani na tsawon shekaru. Galibin malamai ba sa cin amanar wannan ikon. Amma tsari ba don galibi ake yin sa ba. Idan malami ya tafi hutun shekara, ko ya samu muƙami a Abuja, ko ya bar ƙasar, ko Allah ya yi masa rasuwa, kwana nawa za a ɗauka kafin a naɗa wani? Idan ɗaliba ta ce ba za ta kai babi gida ko otal ba, sai ofis da rana, wa za ta faɗa wa ba tare da maganar ta riga ta isa kunnen wanda take ƙara ba? Idan ta haihu a tsakiyar karatu, agogonta zai tsaya wata nawa, ko sai ta roƙa? Sannan ga al'adar ranar kare kundi, da lemo da kaji da ambulan. Ana kiranta karamci. Karamcin da mai bayarwa ke tsoron abin da zai biyo baya in bai yi ba yana da wani sunan a Hausa, kuma duk mun san shi. Jami'ar da ta karɓi kuɗin jarrabawa ita ya kamata ta shayar da baƙinta.

Za a ce mana duk wannan kuɗi ne, kuma babu. Sola kuɗi ce, mun yarda. Amma rubuta cewa babi ba zai wuce mako huɗu a hannun malami ba, nawa ne? Cewa duk zangon da jinkirin ya fito daga ɓangaren jami'a ba za a karɓi kuɗin rajistarsa ba, wannan kam zai ci kuɗi, kuma dalilin da ya sa muke son sa ke nan. Shafin da ɗalibi zai ɗora babi ya fito da kwanan wata, shugaban makarantar gaba da digiri ya riƙa ganin duk wanda ya wuce wa'adi da jan launi, ba ya buƙatar ɗan kwangila daga Legas. Jami'o'in nan sun riga sun gina shafin karɓar kuɗin makaranta da ke lissafa tarar makara daidai da rana, ba ya kuskure. Ƙwarewar tana nan, an dai fuskantar da ita ɓangare ɗaya ne.

Hukumar NUC tana zagayawa tantance kwasa-kwasai, tana ƙirga kujeru da littattafai da malamai. Ta ƙara tambaya ɗaya a fom ɗinta: cikin waɗanda wannan sashen ya ɗauka digiri na biyu shekara huɗu da suka wuce, nawa suka gama, nawa suke nan har yanzu, nawa suka watsar? Kowane sashe yana da wannan adadin a rajistarsa. A liƙa shi a shafin da ake sayar da fom, kusa da farashin fom ɗin, domin mai shirin biya ya gani kafin ya danna.